Kwanon da Lariba Ta Ɓoye

Ɗaya bayan ɗaya Abibata ke ɓare gujjiyar. Ta tsamo ƙwaya daga ruwa, ta matsa ta tsakanin yatsu biyu, fatar ta zame, ta jefa ƙwayar a kwanon dama, fatar a na hagu. Tun hantsi take zaune a bakin ƙofar Baba Seidu tana wannan aikin, ko kai ba ta ɗagawa. Lariba kuwa tana gindin mangwaron tsakar gida tana wanke kaskon ƙosai. Kaskon ya fita tas tuntuni, amma daga nan ne ake hangen bakin ƙofar sosai, don haka ta ci gaba da goga.

"Abibata, wai wannan aikin naki ba ya ƙarewa ne? Ki zuba a turmi ki surfe mana kamar kowa."

"Mma Lariba, dafaffe ne. Baba ya ce in fata ɗaya ya rage, abinci ya ɓaci."

"Mu dai da fatarta muka taso muna ci, ga mu nan ba abin da ya same mu."

Daga cikin ɗaki aka yi tari mai tsawo, sannan muryar tsohon ta fito a shaƙe. "Lariba, ki ƙyale ta ta yi aikinta."

Lariba ta kife kaskon da ƙarfi. Shekara goma sha ɗaya, tun rasuwar matarsa, ita ke kai wa Baba Seidu tuwon dare, kuma bai taɓa ce mata ta ƙyale kowa ba sai yau.

Gidan nasa ne, a zangon Salaga, bayan tashar motocin Kpandai. Asalinsa Badagombe ne ɗan Yendi, amma ƙarfinsa duk a Kumasi ya ƙare, a kicin ɗin wani Kwara ɗan Labanan mai sayar da yadi, irin waɗanda a nan ake ce wa Siriya. Shekara talatin yana yi masa kuku. Da Kwaran ya tattara ya koma ƙasarsu, Seidu ya biyo matarsa garinsu ya gina wannan gida. Lariba ta kama ɗaki biyu a ciki tun mijinta na da rai. Ita jikar fataken goro ce, kakanta daga Kano ya zo da jakuna, kuma duk wanda ya daɗe a gaban kaskonta sai ya ji wannan labarin, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

Abibata bara ta zo, lokacin da faɗan Bawku ya yi zafi. 'Yar Busanga ce, doguwa, mai kimanin shekara arba'in, ba ta da yawan magana, Hausarta kuma ba ta cika raba mace da namiji ba. Baba Seidu ne ya same ta a tasha zaune kan ƙullin kayanta, kwana biyu ba ta san inda za ta nufa ba, ya kawo ta ya ba ta ɗan ɗakin da ke jikin madafa. An ce an kashe mijinta a hanyar kasuwa, 'ya'yanta biyu kuma ƙyanda ta kwashe su tun shekarar yunwa. Da Lariba ta ji haka ta yi mata kuka na gaske, har ta ba ta zani. Daga baya ne, da ta zauna ita kaɗai, abin ya fara yi mata yawo a kai: miji ya tafi, 'ya'ya biyu sun tafi, ita kuwa matar ko ciwon kai ba ta yi.

Ciwon Baba Seidu a maƙogwaro ya fara, da kaka. An kai shi asibiti a Tamale, aka dawo da shi da ƙwayoyi a takarda, wanda ya raka shi kuma ya ƙi haɗa ido da kowa. Tuwon Lariba ya fara dawowa da rabi, sannan ya fara dawowa yadda ya tafi. Ta sauya miya, ta yi miyar kuka, ta yi kuɓewa, ta yi ayoyo, wato lalo mai santsi, duk a banza.

In za a faɗi gaskiya, ita ya fara roƙa. Wata la'asar ya kira ta ya ce, "Lariba, akwai wani abinci da nake yi wa maigidana a Kumasi, humus suke ce masa. Irin waken nasu babu shi a nan, amma gujjiya tana yi. A jiƙa ta kwana, a dafa da kanwa, a ɓare, a niƙa da riɗi da tafarnuwa da lemun tsami. Shi kaɗai nake jin zai wuce mini."

"Da wace miya ake ci?"

"Ba miya. Da sanyinsa ake ci."

Lariba ta yi dariya har da tafa hannu. "Baba, gujjiya mai sanyi ba miya? Ai wannan abincin waɗanda ba su da uwa ne. Bari in dama maka koko."

Bai sake tayar da zancen ba. Bayan kwana biyu ta ga Abibata na soya riɗi.

Tun daga ranar abin ya tsaya mata a rai. Me ya sa ake rufe ƙofa in an zo haɗawa? Abibata ta ce ƙuda ne, ga Baba ba ya iya sa riga saboda zafi. To, ƙuda a Salaga yau aka fara? Wata rana Lariba ta zagaya bayan ɗakin kamar mai neman kazarta, ta leƙa ta taga. Tsohon yana kishingiɗe, ƙasusuwan ƙirjinsa duk a waje, yana nuni da yatsa. Abibata na durƙushe da kwano. Ta matsa lemun tsami cikin niƙaƙƙen riɗi, abin ya ƙulle ya yi duhu kamar laka. Ta ɗebo ruwan randa tana ɗigawa tana juyawa, sai ga shi ya saki ya koma fari fat. Lariba ta tsufa a bakin murhu, ba ta taɓa ganin ruwa ya mai da abu fari ba. Da aka gama, Abibata ta sa bayan cokali ta zana da'ira a saman abincin, zagaye cikin zagaye, ta zuba man gyaɗa a cikin zanen. Tsohon ya ce, "Yawwa, haka," ya lumshe ido. Lariba ta bar tagar gabanta na faɗuwa.

Ba ta zargi kowa ba, ita ma takan faɗa, har da rantsuwa. Tambaya kawai take yi. Da safe a bakin titi, tana tsame ƙosai, sai ta ce wa mai saye, "Ke kin taɓa jin abincin da ake yi wa zane?" Ko kuwa ta ce, "Mutum ya daina cin abincin kowa sai na hannu ɗaya, kullum kuma ramewa yake. Ni dai ban ce komai ba." Kafin wata ya ƙare mata sun daina zuwa aron turmi gidan. In Abibata ta je rijiya, layi yakan buɗe mata ta ɗiba ta tafi, ba mai ja mata gaisuwa.

Wata Talata, cikin tsananin bazara, Abibata ta tsaya a ƙofar Lariba bayan azahar. "Mma, Baba na kiran ka."

Ɗakin na warin man zafi da tafarnuwa. A bango akwai tsohon hotonsa da farar hula ta kuku, yana tsaye a bayan iyalan Kwaran. Mutumin da ke kan tabarma bai kai rabin na hoton ba. Kwanon na gefensa, zanen na nan, mai na ƙyalli a ciki.

"Zauna, Lariba." Ya jira numfashi ya dawo masa. "Yau ta iya. Duk tsawon rayuwata ni nake yi wa mutane, yau ne wani ya yi mini ya kai nawa."

Ya lakato da yatsa ya sa a baki. Ya daɗe yana kokawa da haɗiya, jijiyoyin wuyansa suka tashi, idanunsa suka kawo ruwa, amma ya wuce. Ya tura mata kwanon da bayan hannu.

"Ɗanɗana."

"Na ƙoshi, Baba. Yanzu na tashi daga kan abinci."

Ƙarya ce, tun koko na safe ba ta sa komai a cikinta ba. Ya dube ta, dubawar da ta sa ta gyara ɗankwali ba dalili.

"Abin da ake faɗa a rijiya ya iso ni har nan," ya ce. "Baƙuwa ce, ba ta da kowa. In na tafi, ki riƙe ta."

"Haba Baba, ina za ka?"

"Ki riƙe ta, Lariba."

Ta ce to, irin to ɗin da ake ce wa majinyaci don ya huta. Ya sake lakatowa, sannan ya sake. A na uku tari ya sarƙe shi, kuma wannan karon bai sake shi ba. Abibata ta tallafe kansa a cinyarta, Lariba ta fita ba takalmi ta kirawo Liman Yussif daga masallacin unguwa. Liman ya durƙusa yana karanta masa shahada a kunne, leɓen tsohon na bi a hankali. Kafin a kira la'asar ya cika. Abibata ta goge masa baki da gefen zaninta, ta sauke kansa kan matashi.

Lariba ta yi kuka, kuma kukan daga zuciya ya fito, don tana ƙaunar tsohon nan kamar uban da ya haife ta. Amma da mata suka cika ɗakin, idonta ya faɗa kan kwanon da ke jikin bango. Ta rufe shi da murfinsa, ta sa ƙarƙashin mayafi, ta kai ɗakinta ta tura can ƙarshen ƙarƙashin gado. Ba ta san me za ta yi da shi ba. Ta dai ga bai kamata a bar shi inda Abibata za ta wanke ba.

An binne shi kafin magariba, aka ba wani direba saƙo zuwa Yendi. Washegari Osman ya iso, ɗansa ɗaya tilo, ƙaton mutum mai tuƙa motar doya. Wata takwas rabonsa da gidan, kuma wanda ya yi wata takwas bai leƙa ubansa ba yana zuwa ne da nauyi a ƙirji yana neman inda zai sauke. Tun a tasha, kafin ya sha ruwa, aka nuna masa inda zai sauke.

Ranar addu'ar kwana uku, an shafa fatiha, an raba masar sadaka, maza sun fara neman takalmansu, sai Osman ya miƙe, ya fara magana da Hausarsa mai mai da mace namiji.

"Malam, akwai magana. An ce mini wani mace ya riƙa ba babana abinci da ba wanda ya san shi a garin nan. Ya ci, ya ci, ya mutu da shi a baki." Ya nuna ɗakin jikin madafa da haɓa. "A wajenmu, bayan Yendi, akwai ƙauye da ake kai irin wannan. A yanka kaza a ga yadda ya faɗi. In ya fita, ya dawo. In bai fita ba, ya zauna can. Gobe lori na zai koma."

Kowa ya san ƙauyen da ake kai matan da aka ce mayu ne. Lariba kanta ta san mata biyu da aka kai, ɗaya ma mai tuyar wara ce a kusa da ita, kuma ba wadda ta dawo.

Liman Yussif ya ce, "Osman, mu Musulmi ne, ba ma tambayar kaza. Mahaifinka likita ya gan shi a Tamale, ya faɗi abin da ya gani. Ban da ji-ta-ji-ta, akwai wanda ya ga wani abu da idonsa?"

Kawunan mata suka juya wajen Lariba gaba ɗaya. Kwana uku tana jiran wannan tambayar. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da kwanon a hannu biyu, ta ajiye a tsakiyar tabarmi. "Wannan ne ragowar abin da ya ci ranar," ta ce, ta ɗaga murfin.

Abin ya kumbura ya taɓa murfi, ya yi kumfa, samansa ya yi gashi toka-toka da kore. Wari ya bugi tsakar gida. Mata suka ja da baya suna toshe hanci da mayafi, wata ta fara salati, wani daga cikin maza ya ce, "Wannan mutum ya ci ya rayu?"

Lariba ce ta fi kowa kusa, ita warin ya fara buga, kuma ta san shi. Warin ƙullun ƙosanta ne, ranar da ruwan sama ya kashe mata kasuwa ƙullun ya wuni ya kwana a zafi. Kumfar ma ita ce. Duk waken da aka rufe kwana uku a ƙarƙashin gado cikin bazara haka zai yi, ko wa ya dafa shi. Ita ta rufe, ita ta ajiye. Ta ɗaga kai. Abibata na zaune a bakin madafa, hannuwanta a cinya, kowa na kallon kwanon, ita kuwa Lariba take kallo. Kunya ta kama Lariba tun daga tafin ƙafa, irin wadda ba ta taɓa ji ba tun tana budurwa.

"Wake ne ya kwana," ta ce. Ba wanda ya ji, sai da ta maimaita. "Wake ne kawai ya kwana a rufe. Ko tuwona ne haka zai yi."

Osman ya ce, "Mma, kai ne ka kawo shi. Yanzu kuma me kana faɗa?"

Lariba ta sake duban Abibata. Ta ji in ta yi shiru yanzu, gobe da safe matar nan na bayan motar doya. "A sake yi," ta ce. "Da gujjiyata, da riɗina, a tsakar gidan nan kowa na gani. Ni zan ci."

Liman ya cafe maganar tun kafin wani ya buɗe baki. Osman ya yi tsaki ya ce zai ƙara kwana ɗaya.

Lariba da kanta ta jiƙa gujjiyar, tukunyar ta kwana a ɗakinta. Da safe ba ta fita tuya ba. Kafin rana ta ɗaga gidan ya cika, har da waɗanda ba su zo gaisuwar mutuwa ba. Aka hura wuta a fili. Abibata ta fito da zaninta na kullum, ba ta gaida kowa ba sai Liman.

"Kanwa kaɗan," ta ce. Lariba ta jefa.

Aka bar ta tana tafasa har sai da ƙwaya ta murƙushe tsakanin yatsu ba ƙarfi. Aka sauke, aka zuba ruwan sanyi, Abibata ta jawo kwanoni biyu ta fara ɓarewa. Jama'a suka yi tsaye suna kallo, rana na dukan su, aikin kuwa ba ya gaba. Can Lariba ta gaji da tsayuwa, ta jawo kujera ta tsuguna ta sa hannu. Yatsunta suka yi yaushi, bayanta ya ƙage, gujjiyar kamar ana ƙara ta. Sai da suka kusa ƙarshe ta tuna cewa matar nan kusan kwana arba'in tana yin haka kowace safiya ita kaɗai, saboda wani tsoho da ba ubanta ba.

Aka soya riɗi har ya fara tsalle a kasko, Abibata ta durƙusa kan dutsen niƙa ta niƙe shi har mai ya fito. Ta daka tafarnuwa da gishiri ta jiƙa a ruwan lemun tsami, ta tace, ta zuba cikin riɗin. Da ya ƙulle ya yi duhu, aka yi gunaguni. Da ruwan randa ya mai da shi fari, wata tsohuwa ta ja jikarta baya. Abibata ba ta kula ba. Ta niƙa gujjiyar sau biyu, ta haɗa, ta yi ta bugawa da muciya har ya yi sumul. Sannan ta ɗauki cokali, ta tsaya da shi a hannu. Ta san abin da ake jira. Ta dubi mutanen, ta sunkuya, ta yi zanenta zagaye cikin zagaye yadda aka koya mata.

"Don mai ya samu wurin zama," ta ce, ta zuba man gyaɗa.

Ita ta fara lakata, sau uku, ta tura kwanon. Lariba ta yi bismillah, ta lakata, ta kai baki. Sanyi, ɗan tsami, ƙamshin riɗi, tafarnuwa na biyowa daga baya. Ba ta tauna ba, ba ta yi ƙoƙari ba, abin ya zame ya wuce da kansa. A nan ne ta gane maganar da Baba Seidu ya yi mata da la'asar ɗin nan, wadda ta amsa da tafi da dariya. Tuwonta ba ƙi ya yi ba, hanya ce babu. Hawaye suka zubo mata, ta ci gaba da ci da su har ta kusa share kwanon. Liman Yussif ya lakaci ragowar. Aka miƙa wa Osman ya kau da kai.

Daga nan aka zauna jira. Lariba ta wuni a gindin mangwaro, idanu a kanta kamar akuyar da aka kai kasuwa. Kuma kada a yi mata ƙaryar jarumta: duk lokacin da cikinta ya yi ƙugi sai ta ji zuciyarta ta yanke, ta ce a ranta, in fa da gaske ne? In fa a farce take ɓoyewa? Ta yi ta jan carbi tana satar kallon hannun Abibata. Har aka yi la'asar ba abin da ya same ta sai gyatsar tafarnuwa.

Jama'a suka fara watsewa, ba su ji daɗi ba. A bayanta ta ji wata na ce wa wata, "To ai wannan a gaban mutane ta yi. Wa ya san abin da take sawa in an rufe ƙofa? Me ya sa ma ake rufe ƙofar?" Lariba ta juya za ta yi magana, sai ta ga matar mai sayen ƙosanta ce ta kullum, kuma ta san daga bakin da ta samo tambayar.

Osman ya tsaya a zaure da makullin mota a hannu. "Malam ya hana, ba zan ɗauke shi ba," ya ce. "Amma in ya zauna a gidan babana, abin da mutane za su yi, ba ruwana."

Bayan magariba Lariba ta leƙa ɗan ɗakin jikin madafa. Abibata na ninke kaya cikin zani.

"Ki dawo ɗakina, ɗaya ai ba kowa a ciki. Zan bi gida-gida in warware abin da na faɗa. Baba ya ce in riƙe ki."

"Na ji lokacin da ya faɗa, Mma. Ina wurin."

Lariba ta ce, "Bawku fa har yanzu ba lafiya. An ce ko makon jiya an ƙona gidaje."

Abibata ta ja bakin zanin ta ƙulle. "A Bawku wanda bai son ka, ka san shi," ta ce.

Da asuba Lariba ta hura wuta, ta soya kaskon farko, ta zaɓi waɗanda suka fi tashi, ta barbaɗa yaji, ta naɗe a takardar siminti ta ɗaure da zare. Ta bar sauran ƙullun a rufe ta nufi tasha. Ta tarar da Abibata zaune a kan benci, ƙullin kayanta a gaba, ana loda motar Tamale, daga can za ta nemi ta Bawku.

"Ga wannan ki ci a hanya. Hanyar da nisa."

Abibata ta karɓa da hannu biyu, ta ɗan rusuna kamar yadda ake yi wa babba. "Na gode, Mma."

"Ki yafe mini."

"Allah ya yafe mu duka."

Aka kira fasinjoji. Lariba ta taya ta miƙa ƙullin kayan sama, ta tsaya ta ga ta samu wuri tsakanin wata mai kaji da buhunan gari. Motar ta yi ta tari kafin ta tashi. Lariba ta ɗaga hannu, ta bar shi a sama har motar ta sha kwana wajen tsofaffin rijiyoyi, sannan ta juya za ta koma bakin kaskonta.

Ƙullin ƙosan na nan a kan bencin, daidai inda Abibata ta tashi, zaren a ɗaure yadda ta ɗaure shi. Da sauran ɗuminsa, mai ya fara ratsa takardar.